Yadda ake ɗora tebur na Xfce a kan Debian

Ka gama girka Debian, ka kunna kwamfuta, sai ga baƙin allo da ɗan farin rubutu yana jiran sunanka. A nan ne na sha ganin sababbin shiga suna razana, har wasu su goge komai su sake daga farko. Babu abin da ya lalace. Tsarin na aiki, tebur ne kawai, wato allon zane mai tagogi da gumakan da ake dannawa, ba a ɗora masa ba tukuna.

Tebura iri-iri ne, ni Xfce nake zaɓa, musamman in kwamfutar ta kwana biyu. GNOME da KDE Plasma suna da kyan gani, amma sun fi cin RAM, saukar da su ma ya fi cinye data. Debian 12 da ya fito a 2023 yana zuwa da Xfce 4.18, kuma ya wadatar.

Shiga da sunanka, ka buga sudo apt update, sannan sudo apt install xorg xfce4 xfce4-goodies lightdm. In ya ƙi karɓar sudo, wato kalmar da ke ba umarninka ikon root, asusun mai cikakken iko a kwamfutar, yawanci saboda ka sa wa root kalmar sirri lokacin girkawa ne. Buga umarnin "su -" don ka shiga a matsayin root, ka girka sudo, ka buga usermod -aG sudo tare da sunanka, ka fita ka sake shigowa.

To, ga inda nake so ka natsu. Da zarar saukarwa ta ƙare, mutum kan ƙagu ya ga tebur, sai ya buga startx, umarnin da ke tayar da shi daga baƙin allo. In bai tashi nan take ba, sai ya ƙara masa sudo a gaba. Kada ka yi haka, ko sau ɗaya. Akwai ɓoyayyen fayil a babban fayil ɗinka na gida mai suna .Xauthority, shi ke riƙe da izinin buɗe allon zane. Ka tayar da tebur da sudo, fayil ɗin na iya komawa mallakar root. Washegari LightDM, wato allon shiga da ka girka ɗazu, zai fito tsaf, ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi duhu na daƙiƙa biyu, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri. Ka sake, ya sake. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya canza kalmar sirrinsa sau uku a kan wannan, alhali ba ita ce matsalar ba.

Maganin gajere ne. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, za ka samu baƙin allon nan. Shiga, ka buga ls -l ~/.Xauthority. In ka ga root a layin, buga sudo chown sunanka:sunanka ~/.Xauthority, ko ka goge fayil ɗin gaba ɗaya, zai ƙirƙiri sabo da kansa. In kuwa naka ne, duba df -h, domin cikar faifai ma kan jawo irin wannan zagayen. Abin da ya fi haka, buɗe /var/log/Xorg.0.log ka bi layukan da ke ɗauke da EE.

Saura kaɗan. Buga systemctl get-default. In amsar multi-user.target ce, kwamfutar za ta riƙa tsayawa a baƙin allo, don haka canza ta da sudo systemctl set-default graphical.target, sannan sudo reboot. Idan da ma akwai GDM, allon shiga na GNOME, a kwamfutar, sudo dpkg-reconfigure lightdm zai ba ka damar zaɓar ɗaya. Sauti da Wi-Fi kuma, girka pavucontrol da network-manager-gnome bayan tebur ya tashi.