Yadda zaka fara binciken fili a rafi guda ɗaya: dutse, ruwa da namun daji

Toh ɗan'uwa, idan kana son shiga binciken duwatsu ko na ruwa ko na namun daji amma ka rasa ta ina zaka kama, shawarata ka nemi rafi guda ɗaya, ka yanki kamar kilomita 1 ko 2 na tsawonsa, ka liƙe masa shekara guda cur, damina da rani. A jami'a fannoni ukun nan kowa da sashensa da malamansa, amma a fili abu ɗaya ne ke jan ɗaya, dutsen dake ƙasa shi ke cewa ga inda ruwa zai kwanta, ruwan kuma shi ke cewa ga inda dabba zata zo. Wanda ya yi ta yawo wurare goma sau ɗaya-ɗaya hotuna kawai zai tara, wanda ya koma wuri ɗaya sau goma shi ne zai dawo da abin da za a iya kira sakamako.

Kafin ka taka ƙafa ka zauna da tambaya tukuna, kuma ta zama ƙarama wadda awo zai iya amsawa. "Zan binciki muhallin wannan rafi" ba tambaya bace, babu ranar da zaka gama. Amma "a ina ruwa ke daɗewa bayan ɗaukewar damina, kuma waɗanne dabbobi ke zuwa wurin" wannan kam zaka iya tashi gobe ka fara. Buɗe Google Earth ka kalli wurin daga sama, ka koma tsofaffin hotunan da ke ciki kaga yadda rafin ya canza hanya, ka nemi taswirar duwatsun yankin in akwai. Sannan ka nemi izini, wajen masu ƙasar da kuma hukuma in wurin gandun daji ne, kar ka raina wannan don akwai wanda aikinsa ya tsaya cak saboda takarda ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa. Littafi mai kauri da fensir, ba biro ba don biro na zuba idan ya jiƙe, tef na awo, kamfas, guduma, ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10, kwalabe masu tsafta, agogo, da waya mai GPS. Duk shafin da ka buɗe ka fara da kwanan wata, lokaci, lambobin wurin, da yanayin gari. Ka rubuta a nan take kana tsaye a wurin, kar ka ce sai na koma gida, wallahi kafin dare rabin abin ya gudu daga kai. Kuma ka raba abin da idonka ya gani da abin da kake zato, ɓangare guda na shafi "na ga kaza", ɗaya ɓangaren "ina jin dalili kaza ne".

Fara da dutsen. Bakin rafi wuri ne mai albarka ga wannan aiki saboda ruwa ya riga ya yi maka haƙa, ya yanke ƙasa ya fito da hawa-hawanta. Ka fasa dutsen da guduma ka duba cikin, don bayan ya sha rana da ruwa launinsa yaudara ne, kuma ka sa tabarau saboda tsartsi. Idan kaga ƙwayoyi manya masu ƙyalli sun cuɗu da juna babu layi, wannan narkakken dutse ne da ya daskare a hankali can ƙasa, irin su giranayit. Idan kaga shimfiɗa kan shimfiɗa, ka goga yashi na zubowa, wannan tarin yashi ko laka ne da ya danƙare. Idan kuma layukan sun lanƙwashe suna murɗe, zafi da matsi ne suka sake masa kama. Tauri kuma da ma'aunin da Friedrich Mohs ya kawo a 1812 ake gwadawa, daga 1 zuwa 10, farcenka na wajen 2.5, wuƙa ko gilashi wajen 5.5, ƙanƙarar dutse 7, shi yasa take karce gilashi. Ɗiga asid mai rauni ko binega a kan garin dutsen, in ya yi kumfa to dutsen farar ƙasa ne. Ka zana duk abin da ka gani da hannunka ko baka iya zane ba, zane na tilasta ido ya duba abin da kyamara ke wucewa.

Me yasa duk wannan wahala? Saboda dutsen yashi na riƙe ruwa kamar soso, a cikin ƴan ƙofofin dake tsakanin ƙwayoyinsa, shi kuma giranayit baya riƙe komai sai a tsagunansa da kuma saman da ya ruɓe ya zama ƙasa. Yumɓu kuwa yana shan ruwa amma baya sakinsa da sauri, don haka duk inda kaga yashi ya hau kan yumɓu a jikin gangare ka duba da kyau, a nan marmaro ke yawan fitowa. Sa alamar wuraren nan a taswirarka, zaka dawo musu.

Yanzu ruwan, kuma nan ne nake so ka ba da lokaci sosai. Abu na farko ruwan sama. Kafa ma'aunin ruwan sama a fili nesa da bishiya da gini, ka riƙa dubawa kullum a lokaci ɗaya, har ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta 0, don sifili ma awo ne, shafin da ka bari fanko kuwa babu wanda zai san ko ba a yi ruwa ba ne ko kai ne baka je ba. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, kenan milimita 20 a kan hekta ɗaya lita 200,000 ce. Tambayar da duk masanin ruwa ke bi ita ce ina wannan ruwa ya tafi, nawa ya gangara rafi, nawa ya nutse ƙasa, nawa rana da tsirrai suka mayar sama.

Awon abin da rafi ke ɗauka ba sai da inji ba. Nemi wuri miƙaƙƙe wanda babu kwana babu manyan duwatsu, ka ja tef daga gaɓa zuwa gaɓa, ka auna zurfi a wurare da yawa a jere sannan ka fitar da matsakaici. Misali faɗi mita 4, matsakaicin zurfi rabin mita, faɗi sau zurfi, kaga yankan ruwan daga gaɓa zuwa gaɓa murabba'in mita 2 kenan. Sai ka auna mita 10 a tsawon gaɓa, ka jefa abu mai iyo wanda rabinsa ke nutsewa don kar iska ta riƙa tura shi, kamar kwalbar roba da ka cika rabi, ka kama lokaci. In ya ci daƙiƙa 20, gudun rabin mita ne a daƙiƙa. Amma fa ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu saboda gindin rafi na riƙe shi, don haka ana ninkawa da kamar 0.8, ya koma 0.4. Ninka 2 da 0.4 ka samu kubik mita 0.8, kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ce, wato lita 800 ke wucewa duk daƙiƙa. Ka maimaita jifan aƙalla sau uku ka ɗauki matsakaici. Sannan ka kafa sanda mai lambobi a gefe, wadda ba zata motsa ba, duk zuwa ka karanta tsayin ruwa, bayan ka tara awo a lokacin cika da lokacin janyewa zaka iya zana layin da zai baka yawan ruwa daga kallon sandar kawai. Haka manyan tashoshin awon koguna ke aiki, kayan ne kawai suka fi naka tsada.

Na ƙarƙashin ƙasa kuma rijiyoyi ne idanunka. Ka auna daga baki zuwa fuskar ruwa, daga wuri ɗaya da ka yi wa alama da fenti, da sassafe kafin a fara ja. A nan mutane da yawa ke zamewa, suna zaton rijiyar da ruwanta ke kusa ita ce a sama. Sai ka cire zurfin daga tsayin ƙasar wurin, wato tsayinta sama da teku. Rijiyar da bakinta ke kan mita 300 ruwanta na mita 12 ƙasa, ruwan na kan 288. Wadda ke kan 290 ruwanta na mita 6 ƙasa, nata na kan 284, kenan ruwa daga ta farko yake gangarowa zuwa ta biyu. Da rijiya uku da suka yi kusurwa uku zaka fitar da ainihin inda ruwan ya dosa. Tsayin da GPS na waya ke bayarwa yakan kuskure da mitoci da dama, don haka ka nemi na'urar safiyo ko tiyon ruwa irin na magina. Tushen lissafin nan Henry Darcy ne ya kafa shi a 1856 a garin Dijon na Faransa, da bututu cike da yashi, ya nuna gudun ruwa a cikin yashi na bin bambancin tsayin ruwan da kuma irin yashin, kuma har yau da shi ake aiki.

Ruwa ya yi garau ba shi ke nuna lafiyarsa ba. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don tserar da mutane daga ruwan kududdufi, daga baya aka gano da yawansu na ɗauke da gubar asenik daga cikin ƙasar kanta, ba launi ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik a maikirogiram 10 a lita, sinadarin fuloraid miligiram 1.5, sinadarin naitiret miligiram 50. Zafi da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a bakin ruwan ake aunawa don suna canzawa a hanya, sauran kuma ka ɗauraye kwalba sau uku da ruwan wurin, ka cika ta fal, ka rubuta lamba, ka sa a sanyi ka kai ɗakin gwaji da wuri.

Namun daji su kuma ba zasu tsaya ka ƙirga su ba, yawancinsu ma ba zaka gansu ba sam, sai sawu da kashi da gashi da ramuka. Lakar bakin ruwa da sassafe ita ce rajistar duk wanda ya zo sha da dare, ka ajiye rula kusa da sawun kafin ka ɗauki hoto. Ka ɗaga duwatsun cikin ruwa ma ka duba ƙasansu, ƴan tsutsar ƙwari masu jela uku na son ruwa mai tsafta da iska, in kuwa jajayen tsutsotsi ne kaɗai cikin baƙar laka to iskar ruwan ta yi ƙasa. Ka mayar da dutsen yadda ka same shi.

Ƙirga kuwa dole sai da tsari. Ka shata layi, ka riƙa binsa a lokaci ɗaya da tafiya iri ɗaya, duk dabbar da ka gani ka rubuta nisanta daga layin, don da nisan ne ake lissafa waɗanda suka ɓuya maka. Tsuntsaye ka tsaya wuri ɗaya minti 10 da asuba ka rubuta na gani da na ji. Ga ƙananan halittu kamar kifi akwai dabarar kamawa da sa alama, wadda Petersen ya yi da kifi a 1896, Lincoln kuma da agwagin daji a 1930. Ka kama 40 ka sa musu alama ka saki, bayan sun gauraya ka sake kama 50, ka samu 10 na da alama, kenan ɗaya cikin biyar ne masu alama, jimilla wajen 200. Lissafin na tsayawa ne kawai idan alamar bata goge ba, bata cutar da dabbar ba, kuma babu masu shiga da fita da yawa a tsakani. Kyamarar tarko, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gitta, ita ma wannan lissafin take bi ba tare da an taɓa dabba ba, Ullas Karanth ya yi haka da damisar Indiya a dajin Nagarahole a shekarun 1990, yana gane kowace da zanen jikinta. In ka samu kyamarar, ɗaure ta kusan tsayin gwiwa tana kallon hanyar zuwa ruwa, ta fuskanci arewa ko kudu don kar rana ta haske ta, ka share ciyawar gabanta, ka rubuta kwana nawa ta yi tana aiki. Kuma don Allah idan ka gano inda wata dabba mai ƙaranci ke kwana ko haihuwa, kar ka watsa lambobin wurin a intanet, mafarauta ma suna karatu.

Kar ka je kai kaɗai, ka faɗa wa wani inda zaka da lokacin dawowa. Kar ka shiga ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ka sa dogon takalmin roba saboda tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke da katantanwa, ka tambayi mutanen wurin ko akwai kada ko dorina. Busasshen rafi ma na iya cika cikin mintuna saboda ruwan da aka yi can sama wanda kai ko hadarinsa baka gani ba.

Duk daren da ka dawo ka ɗauki hoton shafukan, ka shigar da lambobin a kwamfuta, layi ɗaya awo ɗaya, kar ka goge lambar da ta fito daban don bata yi maka daɗi ba, sa mata alama ka koma ka sake awo. Wuraren ka ɗora su a QGIS, manhajar zana taswira ce a kwamfuta, kyauta ne. Idan shekara ta zagayo, ka zana ruwan sama da tsayin rafi da tsayin ruwan rijiya da yawan sawun dabba a takarda ɗaya, wata-wata. Yawanci rafi zai amsa ruwan sama cikin awanni, rijiya sai bayan makonni, sawu kuma zai taru a ƴan wuraren da ka yi wa alama tun farko lokacin da sauran suka ƙafe. In naka bai fito haka ba, ka ɗauki littafin ka kai wa malamin da ya san fannin ku duba tare, sannan ka tsara awon shekara ta biyu a kan wurin da ya saɓa.