Yadda ake cire tsohon gam daga kujerar katako ta dā

Sabon gam katako yake kamawa, galibi ba ya kama busasshen gam. Shi ya sa kujerar da aka ɗura wa gam a kan na dā take komawa girgiɗi tun hunturu bai fita ba.

Da farko a gano irin gam ɗin. Kayan katakon da aka ƙera kafin shekarun 1940 galibi da gam ɗin fata aka haɗa su, wanda ake dafawa daga fata da ƙashin dabba. Launinsa kamar zuma mai duhu, kuma yana farfashewa kamar gilashi. A ɗiga masa ruwan ɗumi. In ya yi danƙo bayan minti 5 zuwa 10, to shi ne.

A liƙa wa kowace ƙafa da sanda lamba kafin a warware, don ramukan ba girmansu ɗaya ba. A duba ko wani ya taɓa buga ƙusa a ɓoye, ita ce ke tsaga katako. Sannan in gam ɗin fata ne, a zuƙi ruwa mai zafin digiri 60 a sirinji, a tura cikin mahaɗar, a jira, a ƙara, a riƙa murɗawa a hankali. In ta ƙi, a buga da gudumar roba. Ruwa ya tsaya iya mahaɗa, don yana sa tsohon fenti ya yi fari-fari. Sifirit yana sa gam ɗin fata ya ruɓushe, amma yana narkar da shelak, man ƙyallin da ke kan yawancin tsofaffin kaya.

Farin gam na zamani ruwan khal mai ɗumi yake so, ya jiƙu kamar minti 20, a ɓare shi kamar roba. Irin su Araldite kuwa sai zafin na'urar hura iska, sannan a kankare.

Wajen kankara ake yawan ɓarna. A yi da bakin wuƙa, ana bin tsawon katakon, a wanke ramin da tsohon buroshin haƙori. Kada a sa samfefa a harshen da ke shiga rami: milimita ɗaya in ta tafi, mahaɗar ta yi sako-sako ke nan, sai an yi ciko da siririn katako.

A bar shi ya bushe a inuwa awa 24. A gwada haɗawa ba gam tukuna, sannan a shafa gam ɗin fata, a ɗaure da robar tsohon tub ta kwana.