Yadda za ka matso kusa da sautin jitar Carlos Santana

Duk mai kaɗa jita da ya taɓa jin waƙoƙin Santana Europa ko Samba Pa Ti ya san abin da nake nufi, wannan sautin mai kauri da laushi da ke tsayawa kamar ba zai ƙare ba, ba ya tsaga kunne kuma ba ya ɓacewa cikin ganguna. Yawancin samari suna ɗauka sirrin yana cikin tsadar kaya ne. Kaya suna da nasu rabon, amma mutumin nan ya riƙe jita ƙirar Gibson SG a bikin kiɗa na Woodstock 1969, a tsakiyar shekarun 1970 ya koma Yamaha SG, daga wajen 1980 kuma PRS ce a hannunsa har yau, kuma a duk ukun daga sauti biyu ka gane shi ne. To kenan abin a hannu yake da kunne, kaya sai su biyo baya.

Fara da saurare tukuna, ka ajiye jitar. An haife shi 1947 a Autlán cikin jihar Jalisco ta Meziko, babansa mai gogen Turawa (violin) ne na mariyaci, wani kiɗan gargajiya na Meziko, shi ma goge ya fara koya kafin ya kama jita a Tijuana, daga nan suka koma San Francisco. Wannan gogen bai taɓa barin hannunsa ba, shi ya sa yake jan sauti ɗaya ya daɗe a kai. Ka sa faifan Abraxas na 1970 ka bi layin jitar da bakinka, ka rera shi, in ka kasa rerawa to yatsunka ma ba za su iya ba wallahi. Ka lura da inda yake yin shiru, yana barin gangunan konga da timbales da ogan ɗin Gregg Rolie, abokin kiɗansa, su yi nasu kafin ya dawo.

Sai saitin jita. Pikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti. Jita mai humbucker, wato pikof mai naɗin waya biyu, ta fi dacewa, ka sa makunnin a kan pikof na wajen wuya ba na wajen gada ba, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, sannan ka rage nob ɗin ton, tsakanin 4 da 6 wuri ne mai kyau na farawa, ka yi ta juyawa har kaifin nan mai sukar kunne ya tafi amma sautin bai zama kamar an toshe masa baki ba. In taka irin Stratocaster ce, mai pikof mai naɗi ɗaya, kada ka karaya, pikof na wuya da rage ton da ƙara mid, wato sautin tsakiya tsakanin bas da tirebul, za su kai ka nesa, SG ɗin da ya yi Woodstock da ita ma P-90 ne a jikinta, shi ma pikof mai naɗi ɗaya ne ba humbucker ba. Tsirkiya marar kauri, saitin 9 zuwa 42, ta isa.

A amfilifaya ne mutane suka fi ɓata abin. Suna cika gen, wato nob ɗin da ke tura sauti har ya yi datti, har ƙarshe su kashe mid, sai ka ji ƙara kawai ba jiki. Shi sautin Santana mid ne ransa. Ɗaga mid zuwa 7 ko 8, tirebul wajen 4 ko 5, bas kada ya wuce rabi don in ya yi yawa da gen sai ya cakuɗe, gen kuma daidai inda sauti zai riƙa tsayawa amma in ka kaɗa tsirkiya biyu kana jin kowace daban. Amfilifayar da aka fi sanin shi da ita Mesa Boogie ce, wadda Randall Smith ya fara haɗawa a California daga ƙaramar Fender Princeton da ya yi wa garambawul, kuma dabarar ita ce matakan gen a jere, wani yana tura wani, sauti ya matse ya yi tsawo. Ba kowa ke da kuɗin wannan ba, ni dai ina ganin fedal ɗin obadirayib guda ɗaya, wato ƙaramar na'urar da ake takawa ta ƙara gen, irin Tube Screamer, wanda dama mid yake ɗagawa, a gaban amfilifaya mai ɗan datti ya wadatar. Ƙara ɗan ribab, wato amon ɗaki, da dilei mai maimaita sauti kaɗan in kana so, kada ka cika.

Yanzu maganar dogon sautin nan na Europa, wadda ta fito a faifan Amigos na 1976. Ba gen kaɗai ba ne, fidbak ne da aka horar. In lasifika tana da ƙarfi iskar da take fitarwa tana girgiza jikin jitar da tsirkiyar, tsirkiyar ta mayar wa pikof, haka abin zai yi ta zagayawa sauti ba zai mutu ba. An san shi da neman wuraren da hakan ke kamawa a kan dandamali tun lokacin gwajin sauti. Kai ma ka gwada, danne sauti ɗaya da kyau, ka matsa kusa da lasifika a hankali, ka juya kafaɗa dama ko hagu har ka ji ya kama, sauran tsirkiyoyin kuma ka danne su da gefen tafin hannun dama in ba haka ba ihu za su yi. Da hedfon wannan ba ya yiwuwa, sai da iska. Amma don Allah ka kula da kunnenka, da maƙwabta ma.

Bangaren yatsu kuwa, ɗauki kod biyu, wato sautukan da ake kaɗawa tare, Am7 da D9, su ne duk ginin Oye Como Va, waƙar Tito Puente da suka sake yi. Kama fentatonik ɗinka na A minor, wato jerin sautuka biyar, a firet na 5 (firet su ne rabe-raben wuyan jita), sai ka ƙara F# a tsirkiya ta biyu firet na 7 da B a tsirkiya ta farko firet na 7. Wannan F# ɗin shi ke mayar da jerin sautukan ya zama wanda ake kira Dorian, shi ke kawo ɗanɗanon, ka sauka a kansa daidai lokacin da D9 ta shigo ka ji yadda wurin ke buɗewa. In za ka tura tsirkiya sama ka kai ta daidai wurin, fara kaɗa sautin da kake nufi a firet ɗinsa ka ji shi sannan ka tura ka tarar da shi. Kuma kada ka yi saurin girgiza sauti, sau da yawa shi riƙe shi yake a miƙe, sai can ya zuba wasu ƙananan sautuka da gudu ya sake tsayawa.

Kada ka yi atisaye ba kiɗa a ƙasa. Wannan jitar a kan ganguna ta girma, Jingo da ke faifansu na farko na 1969 ma asalinta ta Babatunde Olatunji ce, makaɗin nan ɗan Najeriya. Nemi lup na konga, wato kiɗan da ke ta maimaita kansa, a waya, ko ka samu abokinka mai ganga, ka ɗauki kanka a waya kana kaɗa kod biyun nan na minti biyar, sai ka hau kai da sautuka huɗu ko biyar kacal, kana ɗaga nob ɗin bolum na jitar in za ka yi ƙarfi kana rage shi in za ka yi taushi. Bayan ka gama ka saurari rikodin ɗin, duk inda ka ji ka cika surutu ka cire rabi ka sake.