Kurakuran da masu haɗa aiki da karatun digirin injiniyan awo da sarrafa na'urori suka fi yi, da yadda za a gyara su

Wanda ya shiga karatun digiri ta hanyar aiki a fannin awo da sarrafa na'urori yana da wata dama da ɗalibin da ke zaune a aji kaɗai ba shi da ita, domin abin da malami ya zana masa a allo yau, gobe zai iya tsayawa a gabansa yana jin ƙararsa. Mafi yawan kwanakin makonsa a masana'anta yake yin su, a cikin na'urorin da ke auna zafi da matsi da kwarara da tsayin ruwa a tanki, da kuma kwantirololin da ke karɓar wannan awo su buɗe bawul ko su rufe shi. Jami'a kuma tana samun rana guda a mako, ko wasu makonni a jere, gwargwadon yadda aka tsara. Sai dai da yawa daga cikin masu bin wannan hanya suna zubar da damar tun daga shekarar farko, saboda suna ɗaukar aji a matsayin wurin neman takardar shaida, masana'anta kuma wurin neman albashi, ba sa barin ɗaya ya shiga cikin ɗaya. A ganina yawancin kurakuran daga wannan rabewar suke tasowa.

Wanda ya daɗe yana aikin gyara kafin ya koma karatu shi ya fi saurin raina lissafi. Hannunsa ya riga ya faɗa, yana iya canza taransimita, wato na'urar da ke auna abu ta aika awon ga kwantirola, cikin ƙanƙanin lokaci, saboda haka idan aka zo kan lissafin Laplace da yadda tsari ke amsa canji a tsawon lokaci, sai ya haddace abin da zai ci jarrabawa da shi ya wuce, yana ganin ba abin da zai tsinana masa a bakin aiki. Maganin wannan yana nan a wurin aikinsa. Ya zaɓi da'irar sarrafawa guda ɗaya wadda ya sani sosai, wato na'urar awo da kwantirola da bawul da abin da suke sarrafawa, ya nemi izinin ma'aikacin ɗakin sarrafawa da na shugabansa, a mayar da ita manuwal, wato mutum ya riƙa ba bawul umarni da kansa maimakon kwantirola, a ƙara buɗe bawul da ɗan kaso kaɗan, sannan ya zura ido ga layin da ke kan allo. Zai ga cewa da farko awon bai motsa ba sam na ɗan lokaci, wannan shi ne jinkirin isowa. Daga nan ya fara hawa da sauri, yana rage gudu har ya tsaya. Lokacin da ya ɗauka, daga fara motsi zuwa kusan kashi 63 cikin ɗari na dukan canjin, shi ne adadin da ake kira "time constant" a Turance, wanda littafi ke ta nanatawa a darasin tsari mai mataki ɗaya. Idan ana auna zafin ruwa a nisan mita 10 daga inda ake dumama shi, ruwan kuma yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, to akwai jinkirin daƙiƙa 10 da babu wani saiti da zai kawar da shi, sai dai a matso da na'urar awon. Ɗalibin da ya fitar da waɗannan adadi da hannunsa daga injin da yake kula da shi ba zai sake kallon darasin a matsayin wahalar banza ba.

Akwai kuma kishiyar wannan, kuma ya fi haɗari, domin mai yin sa yana ganin ilimi yake aiki da shi. Ɗalibi ya koyi kwantirolar PID a aji, wato wadda ke lissafa umarninta daga tazarar da ke tsakanin awo da inda ake so ya tsaya, ya koyi hanyar saita ta da wasu injiniyoyi biyu, Ziegler da Nichols, suka wallafa a 1942, sai ya dawo masana'anta ya tarar da awo yana hawa da sauka ba ya tsayawa, nan take ya yanke cewa saiti ne ya lalace, ya shiga canza lambobi. Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne, wannan hanya tana ba da saiti mai zafin nama, wanda ke barin awo ya wuce inda ake so ya dawo har sau da yawa kafin ya lafa, kuma akwai ayyukan da ba sa jure hakan. Wurin farawa ce kawai. Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, sau da yawa laifin ba ya ga kwantirola ko kaɗan. Bawul ɗin da sandarsa ke maƙalewa saboda an matse abin toshe yoyo da yawa, ko saboda datti, ba ya motsi idan aka ba shi ƙaramin umarni. Kwantirola tana ta ƙara umarnin har ƙarfin ya isa, sai bawul ya zabura ya wuce gona da iri, ita kuma ta juya ta fara ja baya, a sake maimaita abin. A kan allo za a ga umarnin kwantirola yana hawa da sauka a hankali, awon kwarara kuma yana tsalle daga wannan mataki zuwa wancan. Rage ƙarfin saiti ba ya warkar da wannan, tsawaita zagayen kawai yake yi. Gyaran shi ne a mayar da da'irar manuwal a duba: idan hawa da saukar ya tsaya, matsalar tana cikin da'irar, sai a riƙa ba bawul umarni kaɗan-kaɗan, wani yana tsaye a gabansa yana kallon ko sandar tana bin umarnin; idan kuma bai tsaya ba, daga wani wuri ake kawo tashin hankalin, sai a je can a nema.

Kuskuren da na fi so mai karatu ya dakata a kansa shi ne amincewa da lambar da ke kan allo ba tare da tambayar ta ina ta biyo ba. Kowane ɗalibi ya san cewa siginar lantarki da aka fi amfani da ita wajen aika awo tana tafiya daga miliamfiya 4 zuwa 20, cewa 4 na nufin sifiri, 12 rabi, 20 kuma cikakken awo, amma ba kowa ne ke riƙe dalilin farawa daga 4 ba. An yi haka ne don a bambance tsakanin awon da ya sauka ƙasa da wayar da ta tsinke, sannan a samu wutar da taransimita mai waya biyu za ta yi aiki da ita. Shi ya sa ƙa'idar NAMUR NE 43, wadda masana'antu ke bi kan wannan sigina, ta ɗauki siginar da ta kai 3.6 ko ƙasa, da wadda ta kai 21 ko sama, a matsayin alamar na'ura ta samu matsala. Wanda ya rubuta shirin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, ya mayar da duk abin da ya gaza 4 zuwa sifiri, don allo ya yi kyan gani, ya toshe bakin na'urar da ke ƙoƙarin sanar da shi cewa ta mutu.

A duba awon kwarara da ake yi da faranti mai rami a cikin bututu. Abin da taransimita ke aunawa a zahiri shi ne bambancin matsi tsakanin gaban farantin da bayansa, kuma wannan bambanci yana tafiya ne da kwarara an ninka ta da kanta, ta yadda kwararar kashi 50 ke ba da bambancin matsi na kashi 25 kacal. Dole ne a warware wannan ninki sau ɗaya, ko a cikin taransimita ko a cikin kwamfutar sarrafawa. Sai a kawo sabuwar taransimita a saita ta tana warwarewa, alhali kwamfutar ma tana yi tun da can. Ɗalibi ya gwada sifiri, allo ya nuna sifiri. Ya gwada cikakken awo, allo ya nuna 100. Ya sa hannu a takarda ya tafi gida da kwanciyar hankali. Amma a lokacin da ainihin kwararar take kashi 50, allon yana nuna kusan 71, kuma za a iya shafe watanni ana aiki da wannan ƙarya. Wannan ne dalilin da ya sa ake gwada na'ura a wurare biyar, 0 da 25 da 50 da 75 da 100, a hawa da kuma a sauka, kuma ake bin siginar tun daga bututu har zuwa allo maimakon a tsaya a jikin taransimita. Haka abin yake ga na'urar auna zafi ta Pt100, wadda juriyarta ga lantarki om 100 ce a digiri sifiri na ma'aunin Salsiyas, tana ƙaruwa da kusan om 0.385 a kowane digiri: idan aka haɗa ta da waya biyu kawai, om ɗaya tak na juriyar doguwar waya yana ƙara wa awo kusan digiri 2.6 na ƙarya, shi ya sa ake haɗa ta da waya uku ko huɗu.

Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma tarihin fannin ya tabbatar. A tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, a watan Maris na 1979, wani bawul na rage matsi ya maƙale a buɗe, amma fitilar da ke ɗakin sarrafawa tana nuna cewa an ba shi umarnin rufewa ne kawai, ba ta nuna inda yake a zahiri ba, ma'aikata kuma suka ɗauka ya rufe. A ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila, a Disambar 2005, ma'aunin tsayin fetur a wani tanki ya tsaya cik ana cikin cika shi, na'urar da aka tanada daban don katse zuba idan ya cika ita ma ba ta yi aiki ba, fetur ya malala, aka samu mummunar fashewa. Ya dace ɗalibi ya karanta rahoton binciken irin waɗannan haɗurra tun yana shekarar farko, domin a nan ne zai gane abin da ƙa'idojin duniya kan na'urorin kariya, wato IEC 61508 da IEC 61511, suke nufi da raba na'urorin kariya daga na sarrafa aikin yau da kullum.

Daga nan sai gaggawar nuna ƙwazo, wadda ke sa sabon ɗalibi taɓa na'ura kafin ya karɓi takardar izinin aiki. Wanda ya cire wayar taransimitar tsayin ruwa ya tura mata miliamfiya 4 don gwaji, alhali da'irar tana otomatik, ya gaya wa kwantirola cewa tanki babu komai, ita kuwa za ta buɗe bawul ɗin shiga gaba ɗaya. A sanar da ɗakin sarrafawa, a mayar da da'irar manuwal, a rubuta duk wata kariya da aka tsallake don gwaji, kuma kada a bar wurin sai an mayar da ita an tabbatar tana aiki. Canji a cikin shirin PLC, ko da layi ɗaya ne, sai ya bi hanyar amincewa, a adana kwafin tsohon shirin, a gyara zanen bututu da na'urori ya dace da abin da ke ƙasa.

Rubutu wani wuri ne da masu aikin hannu ke sakaci da shi. Da yawa suna gyara saitin na'ura kafin su rubuta yadda suka same ta, su rubuta yadda suka bar ta kawai, ta haka sai a rasa shaidar da za ta nuna ko na'urar tana zamewa daga daidai a hankali, da kuma tsawon lokacin da aka yi ana aiki da awo mara kyau. Irin wannan sakaci yana bin ɗalibi har cikin littafin da jami'a ke buƙatar ya riƙa rubuta abin da ya koya a wurin aiki. Yana barin sa sai ƙarshen zango, sannan ya zauna ya cika shafuka da jimloli irin su "na taimaka wajen gyaran taransimita", waɗanda ba sa nuna wa mai dubawa komai. Abin da ake nema shi ne alamar da aka gani, da abin da aka fara zato, da gwajin da ya kore zaton ko ya tabbatar da shi, da darasin aji da ya yi bayanin abin. Minti goma a ƙarshen aikin rana sun isa, muddin ana yi abin yana da ɗumi.

Batun lokaci kuwa a bayyane yake. Ranar karatu ita ce ta farko da ake cinyewa idan inji ya tsaya ko an shiga babban gyara, ɗalibi kuma yana jin nauyin cewa a'a. Tun farkon zango ya kai wa shugabansa ranakun jarrabawa da na miƙa ayyuka a rubuce, ya nemi jadawalin manyan gyare-gyare, a warware karon tun kafin ya zo. Ya kuma nemi a riƙa juya shi tsakanin sassa, domin wanda ya yi shekara uku yana saita taransimita kaɗai zai fito bai taɓa zaɓar girman bawul ko rubuta shirin sarrafawa ba.

A aikin bincike na shekarar ƙarshe, kuskuren da aka saba shi ne ɗauko abin da ya fi ƙarfin lokaci da ikon ɗalibi, kamar sake fasalin sarrafa sashe guda na masana'anta, wanda ke jiran kuɗi da tsayar da aiki da amincewar mutane da yawa, har lokacin miƙawa ya zo ba a taɓa komai ba. Da'ira guda ɗaya mai ba da wahala, wadda za a iya auna halinta kafin gyara da bayansa, ta fi ba da kundi mai nauyi, saboda tana da alƙaluma na gaske da za a gwada da lissafi. Kafin a fara, ɗalibi da malaminsa da mai kula da shi a wurin aiki su zauna su amince a rubuce kan bayanan kamfani da za su iya shiga kundin da waɗanda za a sakaya, da wanda zai karanta shi kafin a miƙa, sannan a tanadi gwaji a kwamfuta a matsayin madadi idan ba a samu damar gwadawa a kan injin da ke aiki ba.