Yadda za ka tantance mujalla kafin ka tura mata maƙalarka, da abin yi bayan an buga

Malami yakan kwashe shekara guda yana tattara bayanai, ya rubuta maƙala mai nauyi, sannan ya miƙa ta ga wata mujalla da ta aiko masa da imel tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya. Ya biya dala, a buga. Ranar da takardunsa suka je gaban masu tantance ƙarin girma, sai a ce ba a san wannan mujalla ba. Abin takaicin kuma, maƙalar da aka riga aka buga ba ta sake buguwa a wani wuri. Shi ya sa aikin zaɓen mujalla yake farawa tun rubutu bai kammala ba.

Da farko buɗe jerin manazartarka ka ƙirga mujallun da suka fi yawan fitowa a ciki. Uku ko huɗu na sama, a can ake tattaunawar da kake son shiga. Karanta shafin manufar kowace ɗaya tare da fitowarta biyu na baya-bayan nan. Da yawa daga maƙalun da edita ke mayarwa ba tare da ya aika wa masu bita ba, laifinsu ɗaya ne: batun ba hurumin mujallar ba ne. Ka kuma nemi ƙa'idojin ƙarin girma na makarantarka a rubuce, ba jita-jitar ofis ba. Malaman jami'o'in Nijar su dubi sharuɗɗan CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ke tantance ƙarin girman malamai.

Sai tantancewa, kuma a nan ne bai kamata a yi gaggawa ba. Kada ka yarda da abin da mujalla ta faɗa game da kanta. Ɗauki lambarta ta ISSN, wato lambar rajistar mujalla mai alƙaluma 8, ka bincika a shafin ISSN Portal ka ga ko sunan ya dace da lambar. Amma ISSN rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. Idan ta ce tana cikin Scopus, rumbun bayanan mujallun da aka tantance, shiga jerin mujallun Scopus ɗin da kanka, kyauta ne, ka dubi shekarun da aka rubuta a gabanta, domin ana cire mujalla idan ta lalace, ita kuwa ta ci gaba da liƙa tambarin. Na Web of Science, wani rumbun irinsa, a jerinsa mai suna Master Journal List ake dubawa. Kamfanin Clarivate kaɗai ke fitar da Impact Factor, wato makin tasirin mujalla, kuma lissafinsa shi ne yawan ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka gabata suka samu a shekara guda, a raba da yawan maƙalun. Duk wani ma'auni mai suna kama da wannan daga wani kamfani daban, ado ne. Mujallun da ake karantawa kyauta a neme su a kundin DOAJ, wanda aka kafa a 2003, na Afirka kuma a kundin AJOL, wanda ya fara aiki a 1998.

Akwai wata damfara da ke cin har gogaggu: a kwaikwayi shafin mujalla ta gaskiya, suna ɗaya, ISSN ɗaya, adireshi daban. Maganinta shi ne ka shiga mujallar ta hanyar adireshin da ke ISSN Portal ko DOAJ ko shafin kamfanin da ke buga ta, ba ta mahaɗin da aka turo maka a imel ba. Ɗauki lambar DOI ta wata sabuwar maƙalarsu, wato lambar shaidar maƙala a intanet wadda ke farawa da 10, ka saka a doi.org. In ba ta kai ka ga maƙalar ba, ja da baya. Zaɓi mutum biyu daga kwamitin editoci ka duba ko da gaske suna jami'o'in da aka ce.

Batun kuɗi: karɓar kuɗin bita ko na bugawa shi kaɗai ba alamar bogi ba ce, mujallun sassa da tsangayoyi da yawa da shi suke tafiya. Abin gudu shi ne kuɗin da aka ɓoye sai bayan an karɓi aiki. A DOAJ kana iya ware mujallun da ba sa karɓar komai. Manyan kamfanoni da dama suna da rangwame ko yafiya ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai dai lokacin turawa ake nema, ba bayan takardar biya ta zo ba.

Wajen turawa, mujalla ɗaya a lokaci ɗaya. Tura wa biyu tare laifi ne da ke iya sa a janye maƙala. Bi ƙa'idar tsawon tsakure da salon madogara harafi da harafi, ka cire sunanka daga cikin rubutun idan bitar ta ɓoye suna ce, ku kuma daidaita jerin sunayen marubuta tun kafin a tura. Babin kundin digiri ba maƙala ba ne sai an rage shi zuwa tambaya ɗaya. Idan gyara ya dawo, yi jadawali mai gida uku: abin da mai bita ya ce, abin da ka yi, da shafin da gyaran yake. Inda ba ka yarda ba, faɗi dalili cikin ladabi, kada ka tsallake.

Bayan an buga, sauran a san aikin naka ne. Masu suna Muhammad, Abubakar da Ibrahim suna da yawa a kowace tsangaya, ga kuma mai rubuta Mohammed a wata maƙala, Muhammad a wata, yau da sunan gari gobe babu, sai ambatonsa ya rabu gida biyu ko uku. Tsayar da rubutun suna guda, ka buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike ce mai alƙaluma 16 kuma kyauta, ka riƙa saka ta a duk abin da ka tura. Buɗe shafin Google Scholar da imel ɗin makaranta domin a tabbatar da kai. Sannan ka duba yarjejeniyar da ka sa wa hannu: sau da yawa kwafin da aka karɓa bayan gyara shi aka yarda ka ajiye a rumbun jami'a ko a Zenodo, rumbun ajiyar bincike na intanet, ba kwafin kamfani mai tambari ba. Fayil ɗin kuma ya zama PDF da ake iya kwafar rubutunsa, domin shafin da aka ɗauka a hoto ba kowane injin bincike ke karanta shi ba.