Yadda ɗalibin jami'a zai mallaki salon maganar Ingilishi

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci tun daga firamare har ya shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana da wata gata da sau da yawa bai lura da ita ba, domin manyan kalmomin Ingilishi da dama sun yi kama da na Faransanci. Da ya ga tolerate ko continue ko abandon zai gane su ba tare da ya buɗe ƙamus ba. Inda yake tuntuɓe shi ne ƙananan aikatau irin su put, get, look da give, waɗanda ma'anarsu ke sauyawa ɗungurungum da zarar an liƙa musu guntuwar kalma kamar up, off, in ko out.

Abu na farko shi ne ɗalibi ya daina fassara kalma ɗaya-ɗaya, kuma Bahaushe ya fi kowa cancantar fahimtar wannan. Muna cewa cin amana, cin bashi, cin jarrabawa da cin mutunci, alhali babu wanda ya tauna komai, kuma ba mu taɓa tsayawa mun rarraba su ba, a dunƙule muka koye su. Haka ya kamata a ɗauki na Ingilishi. Put off na nufin ɗage abu zuwa wani lokaci, put up with na nufin jure wa abin da ba a so, look after kula da wani ne, look up duba kalma a ƙamus, look down on kuwa raina mutum. Ko put ne ko look, aikatau ɗin bai canja ba, amma guntuwar kalmar da ta biyo baya ita ce mai riƙe da ragama.

Na biyu, a ware kaye guda, wato littafin rubutu, don wannan aiki, a kuma tsara shi bisa al'amuran rayuwar jami'a maimakon bin jerin haruffa. A shafin jarrabawa, misali, sai a rubuta cikakkiyar jimla kamar "I must hand in my work on Monday", wato dole in miƙa aikina ranar Litinin, ko "We ran out of time", wato lokaci ya ƙare mana. A ganina guda biyar a mako, waɗanda aka yi amfani da su da baki, sun fi hamsin da aka haddace a daren jarrabawa.

Akwai wata ƙa'ida da ke kayar da ɗalibai da yawa, wadda ya dace a tsaya a kanta. Wasu daga cikin waɗannan aikatau suna rabuwa, saboda haka ana iya cewa "hand in the paper" ko "hand the paper in", amma idan wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakiya: "hand it in" ake cewa, "hand in it" kuskure ne. Wasu kuma, irin su look after, ba sa rabuwa ko kaɗan. Ƙamus mai kyau yana nuna wannan bambanci, don haka a riƙa kwafe shi tare da ma'anar.

Karin magana kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a nemo masa ɗan'uwansa a Hausa. A piece of cake shi ne abu mai sauƙi kamar shan ruwa, beat about the bush kewaye-kewaye ne a zance, cost an arm and a leg kuma ɗan karen tsada. Sai dai gurbinsu hira ce. A rubutun bincike na ƙarshen karatu a nisance su, a riƙe aikatau irin su carry out da point out waɗanda malamai suka amince da su.

Daga nan sai gwaji: a fada, lokacin shan shayi, abokai biyu ko uku su keɓe minti 15 suna magana da abin da suka rubuta a makon. A kuma yi hattara da Ingilishin kasuwa da ake ji a bakin iyakar Najeriya, inda ake cewa "off the light". A takardar jarrabawa "turn off the light" za a rubuta.