Yadda Za Ka Zaɓi Zanen Saiti a Madubin Bindigar Farauta

Layukan nan da suka gitta a tsakiyar madubin bindiga su ne zanen saiti, a kansu kake ɗora dabba kafin ka ja kunama. Mai saye yakan tsaya duba girman madubi da ƙyallinsa ya manta da zanen, sai ya shiga daji da asuba ya ga layin ya saje da duhun sabara.

Fara da nisan da kake harbi. A dajin sabara da geza, zomo ba ya ba ka fili mai tsawo, kuma ba ya jiranka. Zane mai kauri, marar tarkace, shi ya dace da mu. Duplex, wanda kamfanin Leupold ya fitar a 1962, layuka huɗu ne masu kauri daga gefe da suke sirancewa a tsakiya: kaurin ya ja idonka zuwa cibiya, siririn kuma bai rufe maka dabbar ba. Ɗan uwansa German 4 kaurinsa uku ne, hagu da dama da ƙasa, sama a sirance. A hazon hunturu, lokacin da komai ya koma ruwan toka, shi ya fi fita sarai. Siririn gicciye zalla kuwa, bar wa masu harbin takarda.

Mai ɗigo-ɗigo, wato mil-dot, na lissafi ne. Tsakanin ɗigo da ɗigo mil ɗaya ne (ma'aunin kusurwa, ba mil na tafiya ba), santimita 10 ke nan a nisan mita 100. Ka ninka tsayin abu a santimita sau 10, ka raba da yawan mil ɗin da ya cike: abu mai santimita 40 da ya cike mil 4 yana mita 100. Amma a yawancin madubin farauta, irin 3-9x40 mai kusantowa daga sau 3 zuwa sau 9, zanen ba ya girma idan ka murza ka kusanto da hoto, don haka lissafin yana daidai ne a mataki ɗaya kawai, galibi na ƙarshe. Ka auna a wani matakin, harsashi ya wuce ta sama ko ya ci ƙasa. Haka mai ƴan layuka a ƙasan cibiya, BDC: don wani harsashi da wani gudu aka zana shi, ka sauya harsashi layukan sun tashi daga aiki sai ka sake gwaji. Raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale ba abin da maharbi zai yarda da shi ba ne.

Bindiga mai baki biyu harsashinta watsuwa yake yi, ƙarfinsa bai cika wuce mita 40 ba. Ga zabo ko fakara a sama, madubi mai kusantowa cikas ne. Jan ɗigo marar kusantowa, ido biyu a buɗe, ya wadatar. Ka tabbatar akwai tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da madubi, in ba haka ba shurin bindiga ya fasa maka gira.

Idan madubin mai zane mai haske ne, yawanci batirin CR2032 yake ci. Zaɓi wanda zanensa yake nan baƙi ko batir ya mutu, kuma ka rage hasken, don mai yawa yana kashe ido a duhu.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi, dajin Falgore da ke Jihar Kano kuma an hana farauta a cikinsa. Gwajin cikin gari da madubi kaɗai ake yi, ba a kan bindiga ba. Kalli farin bango, ka murza bakin da ke wajen ido har layin ya fito tas, kana leƙawa kana ɗauke kai, don in ka ƙura, ido zai gyara da kansa ya ruɗe ka. Sannan dab da magariba ka saita gindin darbejiya mai duhu. In ka rasa cibiyar zanen a nan, mayar da shi ka karɓi mai kauri.